Hannun da Aka Ba Haro Kiwo

"Ɗori ai ja ne da ɗauri." Wani daga cikin samarin da ke zama a dakalin ƙofar gidana ne ya faɗi haka, yana latsa waya, ranar da aka fita da wani ɗan ƙwallo da na mayar wa kafaɗa. Sauran suka bushe da dariya, suka ce su ma in aka ba su kara da tsumma sai su kafa allo su fara karɓar marasa lafiya. Ban ji haushi ba. Kallon kitse suke yi wa rogo, kuma ba laifinsu ba ne, don abin da ido ke gani ke nan: tsoho ya ja, mutum ya yi ihu, an naɗe, an tashi. To ku matso, ku da ire-irenku, ku ji sauran.

A Kara aka haife ni, a ƙasar Gwarzo, kuma a hannun kawuna Malam Ilu na koyi ɗori. Shekarun farko ban taɓa ƙashin ɗan Adam ba. Aikina in shiga gona bayan girbi in zaɓo karan dawa mai ƙwari wanda ƙwaro bai huda ba, in yanka daidai, in kankare, in saƙe su da zare kamar ɗan ƙaramin asabari. In wanke tsummoki, in narka man kaɗe, in danne ƙafar wanda ake ja. Na sha harbi a ƙirji daga ƙattin da ke cika baki a dandali. In na ƙosa na ce, "Kawu, ni yaushe zan fara?" sai ya karya kara ya cusa cikin auduga, ya naɗe da fata, ya ɗaure min ido da rawaninsa, ya ce in laluba in faɗa masa inda ya karye, da kuma ko a gicciye ne ko a karkace. Daga kara muka koma ƙafar kaza, daga kaza muka koma akuya. Akwai wata akuyar maƙwabta da na ɗora wa ƙafa, ta yi ta ɗingishi har ranar da aka yanka ta a wani suna, kuma har Kawu ya rasu bai daina kiranta malamata ba.

Yanzu kayan aiki sun ƙaru. Akwai bandeji, akwai auduga ta kanti, akwai siraran katakai da kafinta ke fere min, ga kuma hoton ƙashi, wanda ni ban ga abin faɗa da shi ba, don gani ya kori ji. In ƙashi ya huda fata, ko na ƙugu ne ko na gadon baya, ko taɓawa ba na yi, asibiti nake turawa. Amma babban kayan aikin maɗori ba ya cikin jaka. Kawu yakan ce, "Kai baƙo ne a jikin mutum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, tambaye shi." Yatsunka su gano inda ƙashi ya rabu, amma bakin mai ciwo ne zai faɗa maka ko ka matse da yawa, ko ƙashi ya motsa a cikin ɗauri, ko zafin yau irin na jiya ne.

Na taɓa ɗora wa wani ɗan acaɓa ƙwauri, tun kafin in ɗora hannu yake kiran uwarsa, na gama na ɗaure yana tambaya ko an fara. Na ɗora wa wata tsohuwa daga garin Jama'a wuyan hannu, ba ta ce uffan ba sai salati, amma ƙullin zaninta ta kusa tsinka shi da haƙori. Wani Alhaji mai sayen gyaɗa kuwa zagina ya yi ta yi har na gama, washegari ya aiko min da zabuwa. Duk wannan karatu ne. Da ihu, da cije leɓe, da zagi, kowanne yana faɗa maka wani abu, kuma in ka daɗe kana sauraro sai ka rarrabe kukan tsoro da kukan ƙashi.

Amma akwai magana ɗaya da in maɗori ya ji ta, ko tuwo yake ci sai ya ajiye: mai karaya ya ce, "Hannun nan kamar ba nawa ba." Wannan na nufin ɗauri ya shaƙe jini, naman ya fara mutuwa. In ba a kwance da wuri ba, yatsu su yi sanyi, su yi baƙi, su fara wari. Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da mutane yake, ba da hannu ba. Hannu kam in ya ruɓe yanke shi ake yi.

Mun gani da idonmu a shekarar da ban so tunawa. Wani baƙo ya sauka a kasuwar Kabo da jaka da lasifika, wai yana ɗora ƙashi a warke cikin mako. Ya ɗaure wa wani manomi hannu tamau kamar mai ɗaure dami, ya ce kada a taɓa. Mutumin ya yi ta cewa hannun ba nasa ba ne, danginsa suna ce masa ya yi haƙuri, magani ne ke aiki. Kafin a farga, sai yankewa aka yi daga gwiwa, baƙon kuma ya tattara ya ɓace. Laifin mutum ɗaya ya shafe mu duka. Rani guda zaurena ba mai shigowa sai kaji. Na koma tufkar igiya da saƙar zana don in ci da iyalina, mutanen da na ɗora wa 'ya'ya suna wucewa suna gaishe ni daga nesa. Tun daga lokacin ba na sallamar kowa sai na kama kunnensa: in ka ji gaɓar nan kamar ba taka ba, ka taho, ko ruwa ake yi da ƙanƙara.

A daminar da ta biyo baya, mutane sun fara dawowa ɗai-ɗai, aka kawo min Haro. Haruna sunansa, manomi daga wani ƙauye kusa da Unguwar Tudu, irin gidajen nan da kakanninsu makiyaya ne, yaren ya tafi amma shanun da girman kan suna nan. Wansa Sale ne ya goyo shi a babur. Suna huɗa da shanu, sai sa ɗaya ya firgita, igiya ta naɗe masa hannun dama, ta buga shi da garma. Ƙasusuwan nan biyu na tsakanin gwiwa da wuyan hannu duk sun tafi, hannun ya lanƙwashe.

"Salamu alaikum. Baba, ina wuni? Ya gida, ya iyali? Ya ruwa?" in ji Sale.

"Ruwa ya yi gyara. Sannunku da hanya. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi," in ji Haro da kansa, yana riƙe da hannun a cinya kamar wanda aka ce ya ɗan riƙe wa wani kaya.

Na kira mutum biyu su danne shi, Sale ya ce, "Baba, bar su su huta. Wannan ba ya kuka. Kakanmu ma an ce a wurin sharo ko ido ba ya ƙiftawa." Na ce na sha jin haka daga bakin 'yan uwa, amma to. Na kama, na ja, ƙashi ya yi ƙara ya koma. Gumi ya karyo wa Haro har yana ɗiga daga haɓa, jijiyar wuyan hannunsa tana bugawa a ƙarƙashin babban yatsana kamar za ta fito. Na ɗago na dube shi. Fuska a sake.

"Kana ji kuwa?"

"Ina ji, Baba. Da zafi sosai."

Ya faɗe shi ne kamar mai cewa yau Talata. Mutanen zaure suka ɗauki kabbara, wani ya ce namijin duniya, Sale sai washe baki yake yi. Ni ma na ce masa sannu da dauriya, amma abin ya tsaya min a rai. Na san masu dauriya. Mai dauriya kokawa yake yi: ya riƙe numfashi, ya naɗe yatsun ƙafa, jijiyar wuya ta miƙe. Haro ba ya kokawa da komai. Na shafa man kaɗe, na jera kara, na naɗe, na yi masa gargaɗin da nake yi wa kowa. Ya ce to.

Washegari da hantsi sai ga babur a guje. Sale ya diro tun kafin ya tsaya da kyau. "Baba, matarsa ta ji yana cewa hannun ba nasa ba ne!" Gabana ya faɗi. Na warware ɗaurin ina hango zaurena ya sake komawa na kaji. Sai na tarar da hannu da ɗumi. Na danna farce, ya yi fari, na saki, jini ya dawo nan take. Na ce ya motsa yatsu, ya motsa. Na ɗan sassauta na mayar, na ce ƙila tsoro ne. Bayan 'yan kwanaki aka sake kawo shi da magana iri ɗaya, na sake kwancewa, lafiya lau. Ƙashi kuwa ba ya son a riƙa leƙa shi, duk kwancewa ɗaya tana mayar da aiki baya.

Da aka zo karo na gaba sai na ce wa Sale ya je masallaci ya jira mu. Na zauna kusa da Haro.

"Faɗa min gaskiya. Tun yaushe kake jin hannun nan ba naka ba?"

"Tun daminar bara waccan."

"Kai, karayar fa ta kwanan nan ce."

"Ai ba hannun kaɗai ba ne, Baba. Duka ne."

Ya ba ni labari a hankali, ba hawa ba sauka. Yana kiwo a bayan gari hadari ya taso, ya fake gindin wata ɗorawa da shanu. Tsawa ta faɗo. Da ya buɗe ido wasu shanun na kwance a mace a gefensa, hayaƙi na tashi daga jikin guda, shi kuwa ko ƙwarzane babu. Ya tashi ya kora sauran gida, kowa na ta barka. Amma tun daga ranar, in ji shi, kamar an sako masa gidan sauro an rufe: yana ganin kowa, yana jin kowa, sai dai komai na can waje. In ya yi magana sai ya ji muryar kamar daga rediyo take fita. In ya sunkuya yin alwala ya ga ƙafafunsa, sai ya tsaya yana kallonsu.

"Na san nawa ne, Baba. Ba hauka nake yi ba. In ka tambaye ni hannun wa, zan ce na Haruna. Sani daban, ji daban."

"To me ya sa ba ka faɗa wa kowa ba?"

"Na faɗa sau ɗaya, aka yi ta turara ni da hayaƙi har na yi tari. Daga nan in aka ce ya jiki, sai in ce da sauƙi. Sai karayar nan, da ka ce in na ji kamar ba nawa ba in faɗa. Na ga kai ne mutum na farko da ya tambaya."

Ni kuwa tun ina yaro in abu ya ɗaure min kai ba na iya barinsa. Na ce ya rufe ido. Na ɗauko ƙayar aduwa na taɓa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi kowanne daidai, har ya fi wasu masu lafiya. Na sa masa garwashi kusa da tafin hannun hagu, ya ce da zafi, ya janye. Na aika cikin gida aka kawo barkono na ce ya tauna. Idonsa ya kawo ruwa, hanci ya zubo, ya ce, "Da yaji." Na ce, "Yo ba ka ji haushina ba? Tsoho ya sa ka cin barkono a banza?" Ya yi kamar mai laluben aljihu, sannan ya ce, "Ya kamata in ji. Na duba, babu."

Mu Hausawa kalma ɗaya gare mu, ji. Da ita muke jin magana, da ita muke jin zafi, da ita muke jin yunwa da wari da tausayi, da ita ma muke jin Larabci. Shekara da shekaru ina tambayar mutane "kana ji?" ban taɓa lura tambaya biyu nake yi a haɗe ba: saƙon ya iso, kuma ya dame ka? A wurin kowa tare suke zuwa, kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. A wurin Haro saƙon na isowa ƙofa, a karanta shi tsaf, amma ba wanda zai tashi tsaye a kansa. Da ya tafi na zauna ina mintsinin cinyata, wai in ga ko zan iya raba zafin da damuwar. Uwargida ta leƙo ta gan ni, ta ce in tsufa ne ya fara taɓa ni in faɗa tun da wuri.

Dariya a gefe, hannun nan yana cikin haɗari ta fuska biyu. Maganar da ya kamata ta zama ƙararrawa, shi kullum a bakinsa take, ba zan san ranar da ta zama gaskiya ba. Sannan abin da ke hana mai karaya taɓa aiki ba umarnin maɗori ba ne, tsoro ne, shi kuma ba shi da shi. Ba a daɗe ba Sale ya same shi yana jan buhun taki da hannu biyu. Ƙashi ya goce, hannu ya kumbura. Wannan karon har da matarsa Dije aka zo, tana goye da 'yarsu.

Na sake ja na daidaita, na fito masa a mutum. "Haro, in ka sake haka, ko jini ya tsaya ba ka lura ba, yanke hannun nan za a yi. Na dama ne. Da me za ka riƙe garma?"

"Allah ya kiyaye," in ji shi, kamar an ba shi labarin wani mutumin Katsina.

Sale ya miƙe yana huci. "Ka gani ko, Baba? Wallahi iska ce. Ɗaure shi za mu yi a ɗaki har ya warke."

Dije ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baba, ba ya dukana, ba ya zagina, komai na nema yana yi. Amma wallahi da zai yi min faɗa ko sau ɗaya, da na ji daɗi."

Haro ya dubi yarinyar da ke bayanta. "Na san ina sonta. In na ɗauke ta, sanin yana nan. Abu ɗaya kawai nake ji har cikin raina, tsoron kada in mutu a haka."

Tausayinsa ya kama ni, ban ɓoye ba, sai da na share ido da bakin riga. Na ce babu mai ɗaure kowa. Na tura su asibiti a ɗauki hoton ƙashin, na kuma bi su, don akwai wani malamin asibiti da muka daɗe muna tura wa juna marasa lafiya. Na ja shi gefe na kwashe labarin na faɗa masa, ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa kamar yadda ya fi nawa, amma akwai likitocin da aikinsu ke nan, ya haɗa su da wani a Kano. Da suka dawo Sale ya yi laushi. Likita ya ce musu ciwo ne sananne, yana da suna da Turanci mai tsawon da ban iya riƙewa ba, ba hauka ba ne, kuma ba Haro ne farau ba. Wai in firgici ya yi wa mutum yawa, rai kan ja da baya ya rufe ƙofa don ya kare kansa, wani lokaci sakatar ta maƙale. Ya sa masa ranakun komawa su riƙa tattaunawa, ya koya masa wasu dabaru, ya ce ana samun sauƙi amma sai a hankali. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Sai dai ƙashi ba ya jiran a hankali, shi nasa lokacin yake bi.

Na yi ta fama da shi. Duk zuwa sai na kama kafaɗarsa na ce, "Hannunka ne, Haro! Naka ne, ka ji tausayinsa!" Ya ce to. Kamar ana zuba ruwa a kwando.

Wata safiya na hau keke na tafi ƙauyensu in duba ɗaurin da kaina, don na daina yarda da "da sauƙi". Na same shi a garke, tsugune gaban wata jar saniya. Da hannun hagu yake aiki. Ya ɗaga mata kofato ya duba, ya leƙa cikin kunne yana neman kaska, ya buɗe fatar ido, ya shafa hanci ya ji ko da laima, har kashinta sai da ya tona da tsinke. Na tsaya riƙe da keke ina kallo.

Sale ya ce, "Ka gan shi nan. Ba ma tamu ba ce, ta wani Alhaji ce a Kabo, kiwo ya ba mu. Kullum da ita yake farawa, namu sai ya gama."

Na ce, "Haro, me ya sa?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Tawa in ta mutu, asarata ce. Wannan in ta mutu, me zan ce wa mai ita?"

"To ta ce maka ba ta da lafiya ne?"

"Saniya ai ba ta faɗa, Baba. In ka jira sai ka ji daga bakinta, sai dai ka kira mahauci. Dubawa ake yi."

Na jingine keken a jikin danga na tsuguna kusa da shi. Na ce, "Haro, na yarda. Hannun nan ba naka ba ne."

Sale ya zaro ido. "Haba Baba! Kai ma?"

"Yi shiru. Ba naka ba ne, kiwo aka ba ka. Mai shi ya yi tafiya, ya bar maka amana. Ban ce ka ji tausayinsa ba, ban ce ka ji komai ba. Dubawa za ka riƙa yi."

Na koya masa abin da Kawu ya ɗauki shekaru yana koya min. Ka danna farce, ka saki, ka ga ko jini na dawowa da sauri kamar na ɗayan hannun. Ka kai yatsun kumatunka, ka kai na hagu, ka gwada ɗuminsu. Ka motsa su ɗaya-ɗaya. Ka duba launi a hasken rana, ka sansana bakin ɗaurin. Kuma ba a ɗora wa dabbar amana kayan da za su karya ta. Ya daɗe yana kallon hannun, irin kallon da ya yi wa saniyar, sannan ya fara jero min tambayoyi, karo na farko tun da na san shi.

"Me ya fi so a ba shi?"

"Nono, da romon ƙashi, da hutu."

"A rana zan bar shi ko a inuwa?"

"Ka rataye shi a wuya, kada ya yi ƙasa."

"Yaushe mai shi zai dawo?"

"Allah ne masani. Amma kada ya dawo ya tarar da kayansa a lalace."

Dije ta ce min daga baya, tun ranar ya sauya tsari: da asuba in ya idar da salla, hannu tukuna, sannan jar saniya, sannan sauran. Buhu kuwa ko kallonsa bai sake yi ba. In wani ya ce ya kama masa kaya sai ya ce, "Ba ni da izini."

Ana tsakiyar damina, wata ranar da aka wuni ana tsuga ruwa, ina zaure ina fere katako sai na ga mutum ya shigo a jiƙe sharkaf, da ƙafa, shi kaɗai. Haro ne, ya lulluɓe hannun da buhun leda. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Baba, hannun mutumin nan ya canza. Farcen yana daɗewa bai dawo ba, kuma ya fi na hagu sanyi. Jiya ba haka yake ba."

Na taɓa yatsun, sanyi ƙalau, sun fara shuɗi a ƙarƙashin farce. Ashe ɗakinsa ya yi yoyo, bandejin ya sha ruwa ya bushe ya ƙanƙame, ga sauran kumburi. Na sa reza na tsarge shi. Na ɗaga hannun ina murza yatsun, ina addu'a a fili, shi yana zaune yana kallo. A hankali launi ya fara dawowa, ɗumi ya biyo. Da ya bari ya kwana a haka, ban san abin da za mu tarar ba, kuma ba na son sani. Na ce masa, "Ka ji wani abu ne ya sa ka taho?" Ya ce, "A'a. Kamar kullum nake ji. Gani na yi."

Ƙashi ya kama. Ranar da na cire kara, hannun ya fito siriri, fata na saɓa, da ɗan lanƙwasa kaɗan saboda gocewar nan ta buhun taki. Na yi ta murza shi da man kaɗe ina miƙar da gwiwa har ya saki. Da kaka shi ya yanke dawarsa.

Bara na haɗu da shi a kasuwar Gwarzo, yana jan ɗan maraƙi da hannun dama, igiyar a naɗe a tafinsa yadda ya kamata. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi Dije da yarinya da Sale. Ya ce har yanzu yana zuwa wurin likitansa jefi-jefi. Na rage murya don mutane na ce, "Mai hannu fa, ya dawo?"

Ya ɗan yi murmushi, wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba, ko da yake bai daɗe ba. "Bai dawo ya zauna ba tukuna, Baba. Amma yakan leƙo. Wani lokaci ina cikin tatsa sai in ji ɗumin nono a yatsuna, in ji ni ne. Kafin in waiwaya ya koma."

"To ka gaji da riƙon?"

Ya naɗe hannun riga ya miƙo min hannun, ya juya shi gaba da baya a cikin rana, yadda makiyayi ke nuna dabba.

"Duba ka gani," ya ce. "Ranar da ya zo karɓa, ba zan ji kunya ba."